Faransancin Malam Maharazu Ba Ya Bi Ta Kunne

Duk wanda ya ce maka katako bango ne, bai taɓa koyarwa a makarantarmu ba. Ni Sale, lissafi nake koyarwa a wata sakandare ta kuɗi a Dutse Alhaji, kuma fallen katako ɗaya ne ya raba ajina da na Malam Maharazu, malamin Faransanci. Saboda haka labarin nan ba a bakin wani na tsince shi ba. Da kunnena na sha shi zango guda cur, har yau kuma in na tuna sai raina ya fara ɓaci kafin dariya ta zo.

Maharazu dogo ne, mai jar dara da ba ta sauka daga kansa. Ya taɓa raka kawunsa Kwatano sayen mota, suka kwana uku, to tun daga nan duniya ba ta sake hutawa ba. Ko ruwan leda ka miƙa masa sai ya gaya maka yadda ake liƙe shi a Kwatano. Faransancin dai, a yi masa adalci, ya iya daidai gwargwado. Koyarwar ce sai a hankali. Shekara uku yana cika allo da jadawali, yara suna kwafa, jarrabawa tana zuwa tana kwashe su.

Farkon zango mai makarantar, Hajiya Iyatu, ta kira shi ofis. Ƙofar ma katako ce, don haka duk mun ji.

"Malam Maharazu, iyaye sun ishe ni. Saura mako goma ranar iyaye. In yaran nan ba su nuna sun ji Faransanci a gaban iyayensu ba, zan cire darasin in sa kwamfuta. Ka kuma san ba ni da wani gurbin da zan ajiye ka."

Mutumin yana da mata da yara huɗu a ciki da falo, wannan aikin kuma shi ne tuwonsu. Don kada a ce ba ta taimaka ba, Hajiya ta tura shi wata bita ta kwana biyu a cikin gari, Alhamis da Juma'a, inda wata ƙwararriya mai suna Madam Clara take koya wa malamai sabuwar hanyar koyar da harshe.

Alhamis da la'asar sai ga mutuminka a bencin mai gasa masara na bakin get ɗinmu, yana ta fifita da takardar shaida.

Na ce, "Malam, ba gobe ake gamawa ba?"

Ya ce, "Gobe masu jinkirin fahimta za su gama. Ni kafin a kawo abincin rana na riga na haɗiye abin duka. Na lallaɓa yarinyar da ke rubuta suna ta ba ni takardata."

"To me aka ce?"

Ya gyara zaman hula. "Malam Sale, wa ya taɓa ba jariri jadawali? Ji yake yi, ya ga ana yi, ya gane, sannan baki ya buɗe da kansa. Fahimta kafin furuci! Ka ce tashi, ka tashi, yaro ya gani. Ka ce zauna, ka zauna. Babu fassara, babu hadda, babu bulala."

Tsakani da Allah maganar da ma'ana, har na gyaɗa kai. Da ya tsaya nan da an zauna lafiya. Amma sai ya ɗaga ɗan yatsa sama ya rantse a gaban mai masara da mai gadi cewa daga Litinin har ranar iyaye, muddin ƙafarsa tana cikin get ɗin makaranta, Hausa ko Turanci ba za su fito daga bakinsa ba. Yara ma haka, in suna ajinsa.

Mai masara ya ce, "Oga, to in gobara ta tashi fa?"

"Da Faransanci zan kashe ta."

Litinin ina tsakiyar nuna wa yarana yadda ake warware lissafi, sai na ji tsawa daga bayan katako: "Levez-vous!" Sai girrr, benci arba'in suka ja ƙasa. "Asseyez-vous!" Sai dim. Tashi, zauna, tashi, zauna, har allona ya karkace, agogon bango ya faɗo cikin kwandon shara. Na leƙa ta taga. Yana faɗin kalmar yana yin abin da jikinsa, yara arba'in da biyu suna binsa, idanunsu ƙur a kansa. In ya gama sai ya tambaye su da Faransanci ko sun gane, ya ɗaga gira, su kuma su gyaɗa kai gaba ɗaya.

To ai kowa ya san yaranmu. Tun suna goye ake gaya musu ba a musu da babba. Malami ya ɗaga gira, ɗan kirki ya gyaɗa kai, ko da Sinanci aka yi masa. Ni da nake koyar da lissafi na daɗe da sanin cewa gyaɗa kan yaro gaisuwa ce kawai. Maharazu kuwa duk gyaɗawa ɗaya sai ya ƙara kumbura.

Na je in yi masa ƙorafin agogona, sai ya zubo mini Faransanci. Na ce ya yi mini Hausa. Ya kama hannun rigata ya ja ni har bakin get, ya fitar da ƙafafunsa biyu waje, ni ina ciki, sannan ya ce, "Hassada ce ke damunka, Malam Sale. Naka yaran barci suke yi, nawa suna raye."

Wannan ta zama al'ada. Duk mai magana da Maharazu sai ya taka zuwa get. Mai gadi ya gaji da buɗewa da rufewa, ya ɗauko dutse ya tokare ƙofar.

Mako na uku aka zo darasin barci. Hajiya Iyatu tana zagawa da wasu baƙi masu son kawo 'ya'yansu, tana cewa, "Nan kuma ajin Faransanci ne, sabon salo muke yi." Ta tura ƙofa. Yara arba'in da biyu sun kifa kai a kan benci, malaminsu ya miƙe samɓal a kan tebur, ya rufe fuska da jar dara, yana minshari na koyarwa. Biyu daga cikin yaran ma nasu minsharin ba na koyarwa ba ne. Baƙin suka ce za su yi shawara, har yau suna yi.

Hajiya ta tako har get, takalminta yana ƙwas-ƙwas.

"Barci na ɗauke ka ka koya musu? Wannan ai da shi suka zo daga gida!"

"Hajiya, jikinsu ne yake shan kalmar. A Kwatano..."

"Kada ka sake ka kai ni Kwatano da tsakar rana!"

Mako na biyar ya ce hoto ƙarya ne, yaro sai ya ga abu da ransa. Ya zo da albasa, ya zo da bokiti, ranar Laraba kuma ya zo da kaza, ɗaure a bayan babur. Ya ɗaga ta sama yana kiran sunanta da Faransanci. Kaza dai ba ta halarci bita ba. Ta fizge, ta bi ta saman katakon da bai kai rufi ba, ta dira a kan teburina ana tsakiyar gwaji, ta bar sa hannunta a takardar yaron da ya fi kowa ƙoƙari. Maharazu ya biyo ta da gudu yana ihu. Yaransa suka ga malam ya ruga, suka ɗauka darasin gudu aka shiga, sai ga su duka arba'in da biyu a cikin ajina. Ya yi tsalle zai cafke ta, suka yi tsalle. Ya zame ya zauna daɓas, su ma suka zube.

A nan ne abin ya faɗo mini. Na ja shi get da kaina.

"Malam, yaran nan ba kalmarka suke ji ba. Jikinka suke kallo."

"To da me jariri yake kallo? Takardar haihuwa?"

"Gwada mana sau ɗaya. Faɗi kalmar, kada ka motsa."

"Kai da ko iyakar Seme ba ka taɓa tsallakawa ba, za ka koya mini aikina? Koma wajen x ɗinka, shekara goma kana nemansa ba ka same shi ba."

Na ce Allah ya ba da sa'a. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Akwai yarinya ɗaya a ajin, Najwa, mai kaifin kai, wadda da gaske take son harshen, don burinta ta yi aikin tafinta. Ita kaɗai ta taɓa ɗaga hannu ta ce, "Sir, don Allah ban..." Kafin ta ƙarasa ya toshe kunnuwansa da yatsu ya nuna mata ƙofa, wai ta karya doka. Ta yi tsayuwar minti arba'in a rana. Daga ranar ta koma gyaɗa kai kamar kowa, har ta fi su iyawa. Wannan kam bai ba ni dariya ba, haushi ya ba ni.

Shi kuwa baki sai ƙara buɗewa yake. A bencin mai masara ya ce Madam Clara da kanta ta riƙe hannunsa ta ce a duk malaman Abuja ba ta ga kamarsa ba. Washegari ta zama ta roƙe shi ya karɓi bitar ya ci gaba. Kafin mako ya ƙare har ta yi hawaye. Labari ya kai kunnen Hajiya, ta ce, "Ashe haka ne? Madalla."

Ranar iyaye aka kafa rumfa a tsakar makaranta, aka jera fararen kujerun roba. Iyaye suka cika: ma'aikatan gwamnati da manyan riguna suna duba waya, 'yan kasuwar Dei-Dei, iyaye mata da mayafai masu walƙiya. Maharazu ya sha babbar riga mai aiki, an kai jar dara an goge. Ya jera yaransa sahu shida.

Kai, ranar ya yi wasa! Ya daka tsawa ya zauna, suka zauna. Ya tashi, suka tashi. Ya taɓa hanci, ya juya hagu, ya yi tafiyar agwagwa, yara suna binsa kamar inuwa. Iyaye suka ajiye waya suka kama tafi. Wani Alhaji Abdulmajeed, mahaifin Najwa, har ya miƙe yana ɗaukar bidiyo. Maharazu ya waiwayo ya kalle ni ya kashe ido ɗaya. Ni kaina na fara tunanin ko zai sha.

Sai Hajiya Iyatu ta karɓi makirufo.

"Jama'a, yau muna da babbar baƙuwa. Malam Maharazu ya daɗe yana ba mu labarin yadda take ji da shi, na ce bai kamata a yi wannan rana babu ita ba. Madam Clara, bismillah."

Wata gajeriyar mata mai tabarau ta taso daga kujerar baya. 'Yar Togo ce, ta daɗe a Abuja, Hausarta irin ta kasuwa. Ta ƙare masa kallo sama da ƙasa.

"Ah, na tuna shi. Kai ne mai jan hula wanda ya tambaya ƙarfe nawa za a ba da satifiket. Ka ci shinkafa, ban sake ganin ka ba."

Aka yi 'yar dariya. Maharazu ma ya yi, irin wadda ba ta wuce haƙori.

Ta ce, "Yara ya yi kyau. Yanzu mataki na biyu, wanda muka yi ranar Juma'a. Malam ba ya motsi, baki kawai. A nan ne za a sani ko kunne ya ji. Malam, tsaya gefe, sa hannu a baya."

Maharazu ya koma gefe ya sa hannuwa a baya. Yara arba'in da biyu suka matsa gefe suka sa hannuwa a baya.

Madam Clara ta harɗe hannu a ƙirji, ta ce a hankali, "Asseyez-vous."

Kalmar da suka ji ta fi sau dubu. Ko gezau. Ido tamanin da huɗu suna kan Malam.

Ta sake faɗa. Shiru, sai kukan janareta daga maƙwabta.

Maharazu ya ƙifta musu ido, wai alama. Suka ƙifta masa. Ya ɗan lanƙwasa gwiwa kaɗan yadda baƙuwa ba za ta lura ba. Sahu shida suka lanƙwasa gwiwa kaɗan suka tsaya a haka, ba a zaune ba, ba a tsaye ba, kamar masu jiran a ja musu kujera. Gumi ya karyo masa, ya sa hannun riga ya share goshi. Suka share. Ya kaɗa hannu biyu da sauri, wai su daina. Suka kaɗa masa, wasu har da murmushi, sun ɗauka bankwana ake yi.

Wata uwa ta fashe da dariya ta toshe baki da mayafi. Maharazu ya dafe goshi da tafin hannu, tas! Sai ka ji tas ɗin arba'in da biyu ta amsa har bangon masallaci. Ya cire jar dara ya buga da ƙasa. Yaran ba su da hula, suka duba abin da za su buga, wani ɗan sahun gaba ya cire takalmi.

Nan fa rantsuwar mako goma ta tsinke. Maharazu ya buɗe baki da Hausa garau, wadda ko a Kano sai an tsaya an saurara:

"Ku zauna mana, don ubanku!"

Dim! Suka zauna a ƙasa gaba ɗaya. Wannan ne karo na farko a zangon da suka ji magana ta kunne suka aikata.

Matsalar ɗaya ce: uban kowa yana cikin rumfar. Kujerun roba suka fara ja da baya. Wani mai sayar da rodi daga Dei-Dei ya miƙe yana naɗe hannun riga. "Wane uban? Ga ni nan, maimaita!" Alhaji Abdulmajeed bai daina ɗaukar bidiyo ba, ya dai ce, "Malam, wannan a wane mako ka koya musu?" Da ƙyar Hajiya da mai gadi suka zaunar da mutane.

Madam Clara ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa gaban Najwa.

"'Yata, abin da malam yake faɗa, kin gane?"

Najwa ta kalli Malam, ta kalli mahaifinta, ta sunkuyar da kai. "A'a, Ma."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"An hana mu Hausa da Turanci. Kuma ba a koya mana yadda ake cewa ban gane ba da Faransanci."

Mai rodi ma ya sauke hannun rigarsa.

Madam Clara ta roƙi minti goma. Ta sa aka juya wa Maharazu kujera ya fuskanci bango, don kada yara su gan shi. Ta ɗauki kalma uku kacal. Ta faɗa ta yi tare da su, a hankali, ta sake, ta sake. Sannan ta faɗa ta ɗan jinkirta motsi, ta bar su su riga ta. Sannan ta daina motsin sam. Wanda ya ɓata ta ce ya ɗaga hannu ya faɗa da kowane harshe, ba laifi ba ne. Hannuwa suka tashi kamar ana rabon alewa. Kafin minti goman su cika tana tsaye ƙiƙam, hannu a ƙirji, tana sauya kalmomin yadda ta ga dama, yara suna tashi suna zama suna juyawa. Najwa ce kan gaba, fuskarta kamar an ba ta kyautar Sallah.

Daga wajen bango muka ji muryar Maharazu: "Ai ni na share mata hanya."



Bayan an watse Hajiya ta kira shi, a tsakar fili, ba ta ma nemi ofis ba.

"Hanyar tana da kyau, Malam Maharazu, na gani da idona. Faransanci zai zauna. Madam Clara za ta turo mini wanda ya kai Juma'a."

Maharazu ya tsaya da hula a hannu, duk ta sha ƙasa. Na tuna yaransa huɗun nan na gida, sai na ji dariyar ta koma mini ciki.

Hajiya ta dube shi. "Amma shekara ashirin ina wannan harka, ban taɓa ganin wanda ya sa yara arba'in da biyu suka yi tsalle lokaci ɗaya ba. Malamin motsa jiki ya bar mu tun watan jiya. In kana so, Litinin ka zo da takalmin gudu. In ba ka so, ga get nan, ka fi kowa sanin hanyarsa."

Ya ce yana so, da wata ƙaramar murya da ban san yana da ita ba.

Muka fito tare. Muka wuce mai masara. Sai da muka kai inda yake ajiye babur ya tsaya yana karkaɗe hula.

"Malam Sale, me zan ce wa Halimat?"

Halimat matarsa ce. Na ce, "Gaya mata gaskiya mana."

Ya sunkuyar da kai. Can sai na ga kafaɗun suna ɗagowa a hankali. Ya ɗora hular, ya karkata ta gefe.

"Aji nawa ke fita motsa jiki?"

"Duka shida."

"Har da naka?"

"Har da nawa."

Ya buga babur ya tashi. "To ai shi ke nan. Zan ce mata an cire ni daga aji ɗaya an damƙa mini makarantar gaba ɗaya. Kai kuma daga Litinin, in kana son yaranka su dawo maka da sauran numfashi, sai ka riƙa gaishe ni da kyau."